Rabon Kerkeci da Tsuntsu

Kozluja, Alashehir
Satumba, 1986

Hulusi ƙanena,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kana kuma samun abinci mai ɗumi a ɗakin gwaurayen nan naku, ba burodi da shayi kullum ba. Ana, uwarmu, tana sumbatar idanunka. Gwiwarta na nan yadda ka bar ta, idon hagun ya ƙara dushewa, bakin ne dai lafiyarsa ƙalau. Agogon bangon da ka aiko ya iso. Mun rataye shi a ɗaki, ɗan tsuntsun katakon da ke ciki yana leƙowa ya yi kuka, uwarka ta amsa masa.

Ba agogo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Bana inabi ya yi kyau irin wanda rabonmu da gani tun Baba na da rai. Muka tsinke, muka tsoma a ruwan toka da man zaitun, muka baza a filin shanya, ni da matan da suka taya ni, har bayana ya daina miƙewa. Inabin ya fara yin ja kamar zuma ke nan, saura ƙiris a kwashe, na sauko da sassafe na tarar aladun daji sun fito daga kurmin bakin rafi sun yi biki a kai. Sun ci, sun tattake, sun yi birgima, sun bar mini kashinsu tukuici. Wajen rabin shanyar ya tafi. Wanda ya ragu ma duk ƙauye ya ji labari, wa zai kai zabibin da alade ya hau bakinsa? Ni kaina da na noma ba zan iya ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ka san Tahsin maƙwabcinmu ya kawo katafila bara ta share nasa ɓangaren kurmin, ya dasa kurangar inabi har bakin ruwa. Mutanen hayin rafi ma haka suka yi. Duk dabbar da aka kora ta tattaro nata ya nata ta dawo namu, mu ne muka zama masaukin baƙi. Mai katafilar zai dawo ƙauye ƙarshen sanyi, na riga na yi magana da shi. Amma dagaci ya ce gonar da sunanmu mu biyu take, ba za a taɓa ko ƙaya ɗaya ba sai da yawunka.

Abin da nake nema bai da yawa. Ka rubuto ka ce ka yarda. Kada ka yi mini dogon bayani, ba ni da lokacin karantawa.

Yayarka,
Gulizar

Duisburg, Jamus
Oktoba, 1986

Abla, yayata,

Ina sumbatar hannun Ana da naki. Ni lafiya lau, sai tarin nan da hayaƙin masana'antar ƙarfe ke sa kowa a nan. Don Allah a kai Ana asibitin Manisa a duba idon, kar a tsaya ga maganin gida.

Wallahi na ji zafin abin da ya same ki, kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Amma abin da kika nema ba zan rubuta ba. Ban yarda ba.

Kin manta abin da Baba ke faɗa duk shekara ran da zai sa almakashi a kurangar farko? Ya riƙe reshe ya ce wannan na kerkeci, wannan na tsuntsu, wannan na tukunyarmu. Tukunya ce ta ƙarshe, Abla. Layuka ukun nan da ke jikin kurmi kuwa bai taɓa bari an tsinki ko ƙwaya ɗaya a cikinsu ba, har shekarar da ƙanƙara ta kashe mana amfani muka wuni da miyar alkama. Yakan datse su, ya yi musu noma kamar sauran, ya bar wa masu su.

Kuma ba tausayi ne kaɗai ba. Tsuntsayen kurmin nan su ke tsince tsutsar da ke huda inabi. Mujiya da yanyawa su ke rage ɓerayen da ke cin saiwa. Itatuwan ne ke riƙe da bakin rafi in ruwa ya sauko daga dutse. Ki tambayi Tahsin sau nawa ya goya tankin feshi bana, ki kuma tambaye shi ina ƙudan zuman ƙanensa suka tafi. Ran hutu mun je da abokai wajen wani kogi da ake noman inabi a nan, na ga da idona Jamusawa na sake dasa shingen ƙayar da iyayensu suka tuge. Su sun yi kuskuren sun gama sun dawo, mu kuma yanzu muke rige-rigen shiga.

Alade ba ya son hayaniya, kin sani. A gyara rumfar Baba da ke bakin kurmi, a rataya gwangwanaye, a riƙa bugawa lokacin shanya. Wata ɗaya ne kawai a shekara, ba wani abu ba ne.

Abla, ki bar mini kurmin nan. Shi kaɗai ya rage mini a gida.

Ƙanenki,
Hulusi

Kozluja
Nuwamba, 1986

Hulusi,

Muna lafiya. Ana na gaishe ka. An kai ta Manisa tuntuni, ni na kai ta a motar haya, ba a jira umarni daga Jamus ba. Likita ya ce sai an yi aiki, ita kuma ta ce ba a haifi mai sa wuƙa a idonta ba.

Na karanta mata wasiƙarka, amma da na zo layin ƙarshe sai na haɗiye shi. Kurmi ne kaɗai ya rage maka a gida? To mu fa? Tsohuwar da ke tare mai kawo wasiƙa a ƙofa tana tambaya ko akwai taka, ita ƙaya ce ko kututture? Ni da na rufe ɗakin mijina bayan rasuwarsa na dawo na riƙe gonar nan don kar ta zama kango, ni mece ce? Ashe mun mutu ba mu sani ba. Da ka faɗa da wuri da mun yi wa kanmu sadakar bakwai.

Wai kai ne za ka koya mini maganar Baba. Ni ce nake tsaye a bayansa ina kwashe rassan da ya datse, lokacin da kake zaune a shagon shayi kana shaida wa duniya ba za ka tsufa a ƙauye ba. Baba ya ce kerkeci, ya ce tsuntsu. Ban taɓa jin ya ce alade ba. A zamaninsa kerkeci na nan, shi ke cinye 'ya'yan aladun, shi ya sa ake fitar masa da rabo, ladan aikinsa ne. Makiyaya sun zuba guba sun ƙarar da shi tun kana aikin soja. Yanzu ina biyan ladan ma'aikacin da ya mutu, ɓarawo na zuwa yana karɓa.

Zancen tsutsa da mujiya na sani, ba sai ka je Jamus ka gano mini ba. Gaskiya ne feshina bai kai rabin na Tahsin ba. Amma Tahsin ya sayar da zabibinsa ya yi wa matarsa haƙorin zinariya, ni na haƙa rami na binne nawa.

Wai wata ɗaya ne kawai, ba wani abu ba ne. Wa zai buga gwangwanin? Ni, mace, ni kaɗai a rumfa a bakin kurmi, bayan na wuni a duƙe? Ko Ana zan goya in kai? Tsuntsun da ka aiko mana na katako ne, ba ya cin inabi, shi ya sa son tsuntsaye ke zo maka da sauƙi.

Ka saurare ni da kyau. In lokacin datsa ya zo ban ga yardarka ba, zan tara dagaci da dattawa a raba gonar gida biyu, yadda Baba ya ce a yi in zama ya ƙi. Kowa ya yi abin da ya ga dama da nasa.

Gulizar

Kozluja
Maris, 1987

Hulusi,

Ina gaishe ka don Ana ta ce in gaishe ka. Ta yi mura a tsakiyar sanyi, ta warke. Taka lafiyar ban sani ba, tunda tun Nuwamba ko kati ba ka aiko ba. Na gane. Babban mutum ya yi fushi, 'yar ƙauye ta faɗa masa magana.

To, an raba. Na ce zan yi, na kuma yi. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci dagaci da dattawa suka zo gona, katafila na ajiye a filin makaranta tana jira. Ka san al'ada, babba ke rabawa, ƙarami ya zaɓa. Da yake ƙaramin ya zama kurma, dattawa suka ce Ana ta zaɓa maka.

Ba zan ɓoye maka dabarar da na ƙulla ba, don duk ƙauye sun riga sun sha dariya a kanta. Na ja iyaka can ƙasa. Kashi ɗaya ya ɗauki duk layukan kirki da filin shanya da rijiya. Ɗaya kashin kurmi ne da layuka ukun nan na Baba, shi ke nan. Dagaci ya ce wannan ai ba rabo ba ne, na ce ni ke rabawa ko shi. A tunanina ba uwar da za ta zaɓa wa ɗan lelenta ƙaya ta bar inabi. Za ta ɗaukar maka na sama, wanda dama ni ce zan ci gaba da nome maka shi, ni kuma a bar ni da kurmi in share abina, in dasa sabo a ƙasar da fartanya ba ta taɓa shiga ba. Na yarda in sha wahalar shekaru kafin ya yi 'ya'ya, in dai zan rabu da alade.

Aka kawo Ana a kan jaki, an naɗe ta da bargo. Ta sa aka zagaya da ita tana taɓa duwatsun iyaka da sandarta, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen kankana. Da ta gama sai ta ce, "Na ƙasan nan shi ne na Hulusi."

Na ce, "Ana, idonki ne ke yaudararki. Ƙasa kurmi ne, ba komai sai ƙaya da alade."

Ta ce, "Ido ne ya mutu, 'yar nan, kunne na nan. Kin zaci ban ji inda kika yi tuntuɓe a karatu ba? Liman ya karanta mini sauran. Yaro ya ce abu ɗaya yake so a gidan ubansa, na ba shi."

Dagaci ya sake tambayarta, ta sake faɗa, ta ƙara da cewa sanyi take ji a mai da ita gida. Dattawa suka shafa fatiha suna ɓoye baki a cikin gemu. Mai katafila ya ce yana da aiki a ƙauyukan kusa har farkon zafi, in na sake shawara in neme shi. Wace shawara kuma? Ƙasar ba tawa ba ce.

Ga ni da gona kusan duka a hannu, mata na shigowa yi mini barka, ni kuwa ji nake kamar an mare ni a tsakiyar kasuwa. Na datse nawa layukan ni kaɗai, bakina a rufe, ban kira kerkeci ba balle tsuntsu. Naka ukun suna nan da gashinsu buzu-buzu, ban taɓa ba, ba na shiga gonar mutane.

Kun yi nasara, kai da uwarka. Aladun yanzu naka ne, da sunanka. Ran da suka tsallako iyaka, wajen dagaci zan kai ƙarar mai su.

Gulizar

Duisburg
Afrilu, 1987

Abla,

Ina sumbatar hannun Ana. Allah ya ƙara mata lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ba fushi na yi ba. Farkon Disamba injin naɗe ƙarfe ya kama hannuna na dama. Yatsu uku sun tafi, sauran biyun ba sa lanƙwasawa. Daga asibiti aka wuce da ni wani gari inda ake koya wa irinmu riƙe cokali da ɗaura takalmi. Wasiƙunki biyu a ɗaki na tarar da su da na dawo, ɗaya kan ɗaya, na karanta su a tsaye. Akwai abokan da suka ce in faɗa su rubuta mini, na ƙi, don ban so Ana ta ji labarin hannuna da rubutun wani.

Yanzu ne nake fushin. Ɗan'uwanki ya yi shiru duk tsawon sanyi, ba ki ce ko ciwo ne ba, ba ki ce ko mutuwa ba ce, ba ki taka zuwa gidan waya kin sa an tambaya ba. Kika yanke cewa girman kai ne, kika tara dattawa aka tsaga gonar Baba ina kwance ana ba ni abinci a baki. Haka kike tun muna yara, ke ce mai ƙara, ke ce alƙali.

Maganar da kika haɗiye kuma, ga abin da nake nufi. Zuwana na ƙarshe na tarar ɗakina cike da buhunan zabibi, aka yi mini shimfiɗa a ɗakin baƙi. An sare ɓauren tsakar gida ba wanda ya gaya mini. A shagon shayi sunana ya koma ɗan Jamus, ba mai tambayata sai farashin mota. Ke kanki a kofin baƙi kika ba ni shayi, mai bakin zinariyar nan. Da na sauka kurmi na same shi yadda na bar shi, fakara na kuka, kunkuru na tsallake hanya, shamuwa na kan itacenta. Nan ne kaɗai ban zama baƙo ba. Abin da na faɗa ke nan, ke kuma kika ji abin da ranki ke son ji.

Masana'anta ta sallame ni. Zan dawo farkon zafi, dawowar da ba komawa. Ɗan abin da za su riƙa ba ni ba zai riƙe mutum ba. Na zauna na duba abin da na mallaka a duniya, na ga hannu ɗaya ne, da ƙaya, da layuka uku da ba a tsinka. Uwarmu ta ba ni abin da na roƙa, sai dai wanda ya roƙa ɗin mai hannu biyu ne da albashi. Ba zan zauna ina miƙa wa yayata hannun da ya ragu ba.

Saboda haka ki nemo mai katafilar ki ce ya jira ni. Abin da kika nema tun bara ga shi nan. Na yarda. Sai ki yi murna.

Hulusi

Kozluja
Mayu, 1987

Hulusi ƙanena,

Ana lafiya, tana sumbatar idanunka da hannun nan. Na karanta mata duka, wannan karon ban tsallake komai ba. Ta yi kwanaki ba ta amsa wa tsuntsun agogo ba. Yanzu ta farfaɗo, ta sa na kwashe buhunan ɗakinka, tana kuma lissafa 'yan matan ƙauye da zawarawansa da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ni na yi kukana a gona inda ba mai gani. Yaya hannun? Yana yi maka zogi in an yi sanyi? Sakarai kawai, wa ya ce maka hannu abin ɓoyewa ne?

Zancen gidan waya gaskiyarka ne, ban je ba. Wannan na ɗauka. Sauran ban ɗauka ba.

Na ga mai katafila. Na ce masa babu aiki, ya ɗora abarsa a babbar mota ya tafi, kada ka ɓata yawunka. Ka cika mini kunne da mujiya da tsutsa da Jamusawa masu dasa ƙaya, ka sa na zama abin dariya a gaban dattawa, ka sa tsohuwa ta hau jaki cikin sanyi, sannan yau da abin ya taɓa cikinka ka ce a share? Lokacin da cikina ne wa'azi na samu. Ba ka isa ba, wallahi. Ka so kurmin nan daga nesa, yanzu za ka zo ka so shi a kusa, da sauronsa da aladunsa. Abin da ruwan Afrilu ya yi wa bakin gonar Tahsin kuwa ba zan ba ka labari ba, don kar kanka ya kumbura.

Wani abin mamaki ya faru. Duwatsun iyakar nan sun tashi sun hau sama, sun tsaya a tsakiyar gona daidai rijiya. Ban san wanda ya ɗauke su ba, ni dai bayana na ciwo. Dagaci ya zo ya duba, ya sha shayi, ya ce shi ma haka ya tuna an raba. Layukan da suka faɗo ɓangarenka ni zan datse, ni zan tsinke, ba kyauta ba. Na gyara rumfar Baba, na rataya gwangwanaye a igiya. Wata ɗaya ne kawai a shekara, ba wani abu ba ne, kai ka faɗa. Hannu ɗaya ya isa jan igiya.

Ka taho wa Ana da maganin gwiwa. Kada ka sake kawo agogo. Kofin baƙin nan kuma na ɗora shi can saman kabad, a tsohon kofinka mai tsagaggen baki za ka sha, in ya yanke ka ruwanka.

Ran da wasiƙarka ta zo na ɗauki almakashin Baba na sauka wajen layuka ukun. Lokaci ya ƙure, sun riga sun yi toho, duk manomin kirki da ya gan ni zai ce na zautu. Na dai riƙe reshe na fara, na ce na kerkeci. Sai na tsaya, don ban san inda zan sa ka ba. Kai ba baƙo ba, kai ba manomi ba, ga cizo ga yawo. Na sa ka tsakanin kerkeci da tsuntsu. Gaban tukunya dai kake. In wurin bai yi maka ba, ka zo ka faɗa mini da bakinka.

Yayarka,
Gulizar